Ɗan Roscoe Tidwell

A garinmu na bakin tafkin Erie, a arewacin Amurka, babu watan da ya kai Afrilu muni. Ƙanƙara ta narke ta bar taɓo, iska mai shiga ƙashi na busowa daga ruwa, kuma ba a buga ƙwallo. Amma a watan ne maza suka fi surutu, domin a ƙarshensa manyan ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ke zama su zaɓi sababbin 'yan wasa daga cikin yaran jami'a, bi da bi, wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka. Tamu ba ta cika daɗewa a layi ba.

Sunana Marlene. A gidan abincin Dudek na tsufa, ina zuba kofi ina kwashe faranti. Teburin kusurwa na kusa da talabijin na mutum biyu ne tun kafin gashina ya yi fari: Gene Kaczmarek, wanda masana'antar ƙarfe ta cinye masa kunnen hagu, da Lucius Tarver, tsohon direban bas. Kowace safiya sai sun gyara ƙungiyar nan tsaf kafin ƙwansu ya huce, ita kuwa ba ta san suna duniya ba.

"Mai jifan ƙwallo muke bukata," in ji Gene wata safiya. "Wanda muke da shi ko shara ba ya iya jefawa cikin kwando."

"Kai dai tsufa ya gama da kai," in ji Lucius. "Bara duk wanda ya zo sai ya bi ta tsakiyarmu kamar hanyar kasuwa. Mai tarewa muke so. Wanda in ya doki mutum sai uwar mutumin ta ji a jikinta tana gida."

"To wa ka gani?"

Lucius ya ciro waya, ya nisanta ta daga fuskarsa yana laluben hoto. "Ga shi. Yaro ne daga wata jami'a a Kudu. Masana sun ce wai ba shi da tsawo, wai hannunsa gajere ne, ba za a ɗauke shi da wuri ba. Bar su su yi ta awo. Dubi yadda yake shiga mutum da kai."

Gene ya sa tabarau ya duba. Ya ce a maimaita. Sai ya ɗago.

"Wa ka ce sunansa?"

"Kendrick Tidwell."

"Ba dai ɗan Roscoe ba?"

"Shi fa. Ɗan Roscoe Tidwell na cikinsa, tsohon ɗan wasanmu."

A lokacin Odessa ce ke hidimar teburin, da tulun kofi a hannunta. Odessa Crum abokiyar aikina ce. 'Yar garin nan ce da ta yi aure ta tafi Kudu, ta daɗe, sannan ta dawo ita kaɗai ta zauna a gidan marigayiyar uwarta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana waƙa a coci ranar Lahadi. Na san mijinta ya rasu, na san tana da ɗa guda yana karatu. Iyakar abin da ta ba ni ke nan, ni kuma ban tona ba.

Gene ya jingina da kujera, fuskarsa ta yi haske. "Ina filin ranar da ya yi abin nan. Disamba ce, sanyi kamar zai kashe mutum. Ya yi karo da wani ƙato, ƙarar hulunan kwanonsu har can ƙololuwar benci muka ji ta. Su biyun suka zube. Wancan sai da aka kwashe shi. Roscoe kuwa ya tashi da ƙafarsa, ya karkaɗe jiki, ya miƙe sak zuwa bencin abokan gaba ya zauna a tsakiyarsu. Filin nan kaf dariya da tafi. Aka zo aka kamo hannunsa, ba a jima ba ya koma wasa. Maza ke nan, ba irin na yanzu ba."

"Ina yake ne ma?" in ji Lucius.

"An ce ya rasu can Alabama. Ban ji abin da ya kashe shi ba."

Odessa ta cika kofin Gene har baki, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ce, "Baba Gene, a ƙaro madara?" Ya ce a'a. Ta juya ta shige ciki.

Da na ga ta daɗe na bi ta. Na same ta a ɗakin ajiya, tsaye tsakanin buhunan dankali, tulun kofin har yanzu yana hannunta.

"Lafiya, 'yar'uwa?"

"Ɗana ne," ta ce. "Roscoe mijina ne."

Na karɓi tulun na ajiye. Na zauna a kan wani kwali, ita ma ta zauna.

A nan ta ba ni labari, ba duka a ranar ba, kaɗan-kaɗan cikin makon, muna naɗe cokula ko muna goge tebur. Roscoe ya bar wasa da ƙafafu lafiya, kowa na ce masa ya yi sa'a. Suka koma garinsu, ya buɗe wurin wankin mota. Shekarun farko lafiya lau. Daga baya ya fara ƙin haske, sai a rufe labule da rana tsaka. Ya fara kiran Kendrick da sunan wani ƙanensa da ya mutu tun suna yara. Mutum mai dariya ya koma mai faɗa a kan cokali, ya fasa abu, bayan ɗan lokaci ya zo yana tambayar wa ya fasa. Abin da ya fi tsaya mata shi ne mota. Zai yi wanka, ya sa kaya, ya shiga mota a ƙofar gida, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya zauna. Bai tayar ba, bai fito ba. Ya manta inda za shi, kuma kunya ba ta barinsa ya dawo ciki ya faɗa. Ita kuma ta tsaya bayan labule tana kallonsa, don in ta fita zai yi fushi.

"Wata rana ya tayar," ta ce. "Aka same shi a wata hanyar gona da ba mu san kowa a can ba. Motar ta faɗa rami."

Bayan jana'iza ta roƙi Kendrick ya bar ƙwallo. Yana sakandare lokacin, manyan makarantu sun fara zuwa kallonsa. Ya ƙi. Ta ce ba za ta zauna ta kalla ba. Ya koma gidan baffansa, ita ta dawo nan da sunan gidansu. Ba su ɓata ba, suna waya duk mako, suna hirar komai ban da wannan.

"Har yau," ta ce, "in na ga namiji zaune a mota shi kaɗai, sai gabana ya faɗi. Ko a bakin kanti ne. Sai na tsaya har ya motsa."

Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa, ban kuwa gaya ba. Sai dai sunan yaron ya riga ya shiga gari. Rediyon da ke kicin ba ya hutawa, masu kira suna ta zuba ra'ayi. Wani ya ce yaron bai da gudu. Wani ya ce a ɗauke shi ko don ubansa, wai jinin gidan ba ya tsoro. Wata mata ta kira ta ce ta gaji da 'yan wasa masu tausayin jikinsu. Odessa na wucewa da faranti ta gaban rediyon kamar ana karanta farashin hatsi. Sau ɗaya na kai hannu zan kashe, ta ce, "Bar shi. In ban ji a nan ba, zan ji a bas."

Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, ƙungiyarmu ta gayyaci Kendrick don likitocinta da masu horarwa su duba shi. Ya gaya wa uwarsa zai biyo ya gan ta kafin ya hau jirgi. Ta ce ya same ta a gida. Ya ce lokaci ba zai isa ba, wurin aiki zai zo.

Da hantsi ina goge taga na ga wata farar motar haya ta tsaya a gaban shago. Saurayi ne a ciki, mai faɗin kafaɗa, da baƙin tabarau. Ya kashe mota. Bai fito ba. Hannuwansa biyu na kan sitiyari, yana kallon gabansa, inda babu komai sai bangon shagon taya.

Ban ji zuwan Odessa ba, sai dai na ji numfashinta a bayana. Muka tsaya mu biyu. Wani a tebur yana ɗaga kofi yana neman ƙari, babu wadda ta waiwaya. Ban san tsawon lokacin ba. A agogo wataƙila ba wani abu ba ne.

Can ya buɗe ƙofa ya fito, yana murmushi.

Ya sunkuya ya rungume ta, ta ɓace a ƙirjinsa. "Mama, kin rame."

"Me kake yi a mota?"

"Addu'a nake, Mama. Ke kika koya mini."

Ta ɗaga kai tana kallonsa. "Cire gilashin nan in ga idonka."

Ya cire, yana dariya. Idanu ne masu kyau, irin nata. Ta gabatar da ni, ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce, "Sannu, Anti Marlene, ina jin labarinki." Na nuna musu tebur a bakin taga, ya ce in babu damuwa ya fi son na ciki.

Lucius ne ya fara gane shi. Cokalinsa ya tsaya a iska. Ya dubi yaron, ya dubi wayarsa, ya dubi Odessa, ya zunguri Gene. Kafin a kawo fanke tsofaffin nan biyu suna tsaye a kansa kamar yara. Gene ya kama damtsensa yana latsawa.

"Wannan ne suka ce gajeren hannu? Makafi. Odessa, ashe haka za ki yi mana? Shekara da shekaru kina zuba mana kofi, ba ki ce ke matar Roscoe ba ce?"

"Ba ku tambaya ba, Baba Gene."

"Yaro, na ga ubanka da idona. Ranar da ya tashi ya nufi bencin..."

Lucius ya taka masa ƙafa, amma Gene ba ya jin irin wannan magana, sai da ya kai ƙarshen labarin, da dariyarsa da komai. Kendrick ya yi murmushin ladabi, da alama ya sha jin labarin a bakin mutane da yawa.

Odessa na yanka wa ɗanta fanke kamar ƙaramin yaro. Ba ta ɗago ba ta ce, "Da ya dawo gida ranar, ya ci abinci, ya tambaye ni su wa suka yi wasa."

Gene ya ce wa Kendrick Allah ya ba da sa'a, suka koma teburinsu. Ranar bai gama ƙwansa ba.

Na ji abin da uwa da ɗa suka faɗa, don wurin ƙarami ne. Ya ce likitoci sun duba shi daga kai har ƙafa, sun ce ƙalau yake. Ya ce yanzu ba kamar da ba ne, huluna sun canza, dokoki sun canza, in ka bugu ana fitar da kai. Ta ce to. Ya ce in aka ɗauke shi zai gyara mata rufin gida. Ta ce rufin lafiyarsa lau. Ya ce, "Mama, ni ba Baba ba ne." Ta shafa kansa ta ce ya ci kafin ya huce.

Da zai tafi ya tsaya a wurina ya yi godiya, Odessa na ciki tana ƙunsa masa abin hanya. Ya ce, "Yi haƙuri, Anti, me ma kika ce sunanki?" Na faɗa masa. Mutane na manta suna kullum, ni ma ina mantawa, shi kuma ya gaisa da mutane da yawa a kwanakin nan. Ban gaya wa Odessa ba.

Daga ranar teburin kusurwa ya juye. Lucius, wanda ya kawo maganar yaron, ya koma cewa ai da ya sake tunani mai jifa ya fi. Gene kuwa ya kafe a kan a ɗauki Kendrick.

"Ko ba mu ɗauke shi ba wasu za su ɗauka," ya ce. "Gara ya zauna kusa da uwarsa."

"Ta riƙa jin sunansa a bakin irinka duk safiya?"

"Me irina suka yi?"

"Tafi, Gene. Mun yi tafi. Ni ma ina filin ranar."

Suka koma kallon talabijin, inda wasu masu kwat ke gardama a kan ƙugun wani yaro daga Texas.

Ranakun farko na zaɓe suka wuce ba a kira Kendrick ba. Ranar Asabar, ranar ƙarshe, da rana ake yi, shagon ya cika maƙil. Mai shagon, Dudek, ya ce wa Odessa ta je gida, ta ce aiki ya fi mata. Yanzu kowa ya sani, mutane na satar kallonta. Sunaye na ta fitowa a ƙasan allo. Da layi ya zo kanmu wurin ya yi tsit, har mai suya ya leƙo ta taga da matsami a hannu.

Aka kira Kendrick Tidwell.

Wasu samari a bakin ƙofa suka yi ihu, suka fara buga tebur, sai suka lura su kaɗai ne, suka sassauta. Talabijin ta nuna shi a falon baffansa, mutane sun rufe shi, ya dafe fuska yana kuka. Nan take suka sako tsohon hoton Roscoe cikin rigar ƙungiyarmu, suka jera su gefe da gefe. Ban taɓa ganin fuskar Roscoe ba sai ranar. Goshi ɗaya, haɓa ɗaya, yadda suke karkata kai ma ɗaya.

Wayar Odessa ta yi ƙara a aljihun rigar aikinta. Ta ɗauka a tsaye a tsakiyar shago.

"Na gani, ɗana. Na gani. Allah ya yi maka albarka." Ta saurara. "E, na ji daɗi." Ta sake saurara, ta daɗe. "In haka kake so."

Ta mayar da wayar aljihu. Na tambaye ta da ido.

"Lambar rigar wasan ubansa ya roƙa," ta ce. "Sun ce za su ba shi."

Abin da ban zata ba shi ne riguna. Ashe mutanen garin nan ba sa zubar da komai. Kafin wata ya ƙare tsofaffin rigunan Roscoe suka fito daga akwatuna, sun koɗe, sunan ya fara ɓarewa, ga lamba hamsin da huɗu a baya. Sababbi kuma suka cika kantuna. A tashar bas, a layin kantin magani, a bakin coci, ko'ina ka juya ga Tidwell yana tafiya a gabanka, ya ba ka baya. Wata rana muna tafiya gida wani dogon mutum ya fito daga lungu sanye da tsohuwar, yana ɗan ɗingishi. Odessa ta kama hannuna da ƙarfi har sai da ya yi shati. Muka bi bayansa a hankali har ya shiga shagon aski.

Gene ma yana da tasa, ya gaya mini. Ya ciro ta, ya shanya, ya mayar.

Da kaka ta zo aka fara wasa, yaron ya yi abin da Lucius ya ce zai yi. Ba a kai tsakiyar shekarar wasa ba ya zama na farko a cikin masu tarewar ƙungiyarmu, masu kiran rediyo na cewa sun faɗa tun farko. Ya aiko wa uwarsa tikiti, ta ba yaran cocinsu. Ta daina waƙa ranar Lahadi. Da an fito daga sujada sai ta shiga tsohuwar motarta ta yi kudu, cikin gonaki, inda wasu Amish, Kiristocin da ke gudun kayan zamani, ke zaune, babu talabijin babu rediyo. Can akwai wata tsohuwa da ke barinta ta zauna a barandarta. Sai ta ƙiyasta an tashi wasa, ta fito kan babbar hanya ta kira ni.

Don haka ni ce ke kallo. Ni da na yi shekaru a ƙarƙashin talabijin ɗin nan ban taɓa sanin dokokin wasan ba, yanzu duk Lahadi ina zaune tsakanin Gene da Lucius. Ba na bin ƙwallo. Lamba ɗaya nake bi. In aka yi cincirindo aka zube, sai na jira kowa ya tashi ɗaya bayan ɗaya har in gan ta a tsaye. Tsofaffin biyu na ihu a kan alƙalin wasa, a kan mai jifa, a kan kowa. In Kendrick ya kayar da mutum, Lucius ya kan ɗaga kofi ya kurɓa, Gene ya ce "Madalla" a ciki-ciki.

Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti an yi wasa cikin ƙanƙara. Kusa da tashi ya shiga wani da ƙarfi, suka faɗi tare, ya ɗan jima a durƙushe kafin ya miƙe. Aka fitar da shi, aka shiga da shi wata 'yar rumfar likitoci a gefen fili, sannan ya fito ya tsaya da hularsa a hannu. Mai sharhi ya ce kafaɗa ce.

Da yamma ta kira. Ina jin ƙarar motoci a bayanta.

"Marlene."

"Lafiyarsa lau. An cinye mu dai."

"Ya gama wasan?"

"Saura kaɗan suka fitar da shi. Kafaɗa ce, sun ce ba wani abu ba ne. Da ƙafarsa ya fita."

Wata babbar mota ta wuce ta gefenta, na jira ƙarar ta lafa.

"Kin ga fuskarsa?"

"Daga nesa suka nuna shi."

"Yana magana da mutane?"

Na yi ƙoƙarin tunawa. Akwai wani a gefensa, mai jar hula, bakinsa na motsi. Ban tabbata ko Kendrick na amsa masa ba.

"Akwai wanda ke tsaye da shi," na ce.

"To," ta ce. "Hanya ta yi santsi, a hankali zan taho. Gobe ni ce da buɗe shago ko ke?"

"Ke ce."

"To sai da safe."